Amsa: Me ya hana makiyayan Khan al-Ahmar gina gidajen kirki?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa Larabawan ƙauyen Khan al-Ahmar ke zaune cikin bukkokin kwano da tamfol, ko talauci ne kawai. Talauci na nan, amma babban abin shi ne an hana su gini.

Mutanen nan 'yan ƙabilar Jahalin ne, makiyayan tumaki da awaki. Isra'ila ta kore su daga hamadar Naƙab a farkon shekarun 1950, suka yada zango tsakanin Kudus da Yariko. A 1967 sojojin Isra'ila suka mamaye Yammacin Kogin Jodan, inda ƙauyen yake. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa kuma ta bar ƙauyen cikin yankin da ake kira "C", inda izinin gini ke hannun hukumar sojan Isra'ila, kuma da ƙyar Bafalasɗine ke samunsa. Duk ɗakin da ka tayar, ana iya zuwa da katafila a rushe.

Abin da ya fi ƙona min rai makarantarsu ce. A 2009 aka gina ta da tsofaffin tayoyi da laka, don yara su daina doguwar tafiya. Ita ma an yanke mata hukuncin rushewa. A 2018 Kotun Ƙolin Isra'ila ta amince a tashi ƙauyen baki ɗaya, a mayar da mutanen kusa da juji a garin Abu Dis da ke gefen Kudus. Ina makiyayi zai kai dabbobinsa a can?

Gefensu kuwa matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna, Ma'ale Adumim da Kfar Adumim, na da ruwan famfo da lantarki, suna ta cinye wuraren kiwo, har dole mutanen nan su riƙa sayen abincin dabbobi da kuɗi.