An yi mini aikin zuciya ina yaro: a ina zan yi tiyatar gwaiwa?

Tambaya: Ina da shekara 12 aka toshe mini huda a zuciya a asibitin Shisong da ke Kumbo a Kamaru. Yanzu na kai 25, ina ɗinki a Garwa, kuma gwaiwa ta matsa mini. Wani ƙaramin asibiti ya ce zai yi aikin da araha, yayana kuwa ya dage sai Yawunde. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Kafin maganar asibiti, fara kashe kuɗinka a kan hoton zuciya na ekografi da gwajin bugunta wajen likitan zuciya. Tabon ƙirjinka ba zai nuna wa kowa halin da zuciyar take ciki yau ba.

In hudar ta toshe sarai, ba yoyo, bugu daidai, jini bai hau a jijiyoyin huhu ba, to allurar barcinka kusan ɗaya ce da ta kowa. Ana iya yin aikin a Garwa, muddin akwai ƙwararren mai ba da allurar, da iskar oksijin, da na'urar lura da bugun zuciya. In kuwa an ga saura, ko kana haki in ka hau bene, ko leɓɓanka na yin shuɗi, yayanka ya fi ka gaskiya: a kama hanyar Ngaundere a hau jirgin ƙasa. Hawan jinin huhu shi ne babban abin tsoro, domin a nan maganin barci ke iya kayar da zuciya farat ɗaya. Ko 'yar iskar da ta maƙale a robar ƙarin ruwa, in akwai sauran huda, tana iya tsallakawa ta kai ƙwaƙwalwa.

Mutane na cewa allurar baya, wadda ake yi a ƙashin baya ta kashe rabin jiki na ƙasa, ta fi sauƙi. Ba ga kowa ba, tana sauke jini da sauri, ga haɗari in kana shan maganin tsinka jini irin su Sintrom. Kada ka daina shi da kanka, likita ne zai tsara ranar.

Tono takardun Shisong duk inda suke, ko a ƙasan akwatin Inna ne, ka kai wa mai allurar kwanaki kafin aikin. Abinci a bar shi awa 6 kafin a shiga, ruwa zalla awa 2, sai dai in ya ce maka wani abu daban.

Amma in kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga amai, ba maganar Yawunde kuma. Asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, a daren, kuma ka fara gaya musu labarin zuciyarka.