Jingarmu Ta Ɓalle, Ta Ina Za Mu Fara Gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana bakin Kogin Haɗeja a ƙaramar hukumar Auyo. Mun yi gayya mun tayar da jinga da buhunan yashi, amma ruwan Agusta ya ɓalle ta, ya ci gaɓa har cikin gonakin shinkafa. Ina matsalar take? Daga wani manomi a Auyo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Yawanci ruwa daga gindi yake fara cin jinga. Yakan rarake ƙasan gaɓa a ɓoye, musamman a kan kwana inda ƙarfinsa ke duka, sai saman ya rufta. Don haka ƙara tsayi kaɗai asarar buhu ce. Ko a Legas an sha zuba yashi a gaɓar tekun Bar Beach ruwa na kwashewa, sai da aka jera manyan duwatsu.

Da rani ake wannan aiki, bayan ruwa ya janye. Ku sare gaɓar da ta tsaya cak, ku kwantar da ita: kowane tsayin mita 1 a ba shi gangaren mita 2 zuwa 3. A gindi ku haƙa rami mai zurfin kamar rabin mita, ku shimfiɗa tsakuwa, sannan ku jera duwatsu, in da hali a cikin ragar waya. Tsakuwar ce ke hana ruwa zuƙe ƙasa ta tsakanin duwatsun, kuma ita aka fi mantawa.

Jikin jinga da ƙasa mai laka ake yi, domin yashi zalla ruwa ratsa shi yake yi. A zuba kaurin santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sannan a ƙara wani. Kada a ɗebi ƙasar daga gindin jingar, ramin da aka bari shi zai jawo ruwa.

Buhu kuwa na gaggawa ne, rana na cinye shi cikin 'yan watanni. In ya zama dole, a cika rabi ko kashi 2 cikin 3, a naɗe bakin, a jera kamar bulo ana tattakewa, faɗin gindi ya ninka tsayi sau 3.

Da faɗuwar damina ku dasa ciyawar jema layi-layi, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, ku tsare ta daga dabbobi har ta kama. Saiwarta na nutsewa ƙasa sosai. Bishiya a kan jinga ba mu yarda da ita ba, in iska ta tumɓuke ta da ƙasar za ta tafi. Ramukan gafiya da gidan gara kuma a tone a cike.

Lokacin ambaliya ku sa masu sintiri su riƙa duba bayan jingar. In ruwa na ɓuɓɓugowa garau, a sa ido. In ya fito da laka, jingar ce ke zubewa daga ciki: kada a toshe bakin, a kewaye shi da buhuna har lakar ta daina fita, a kwashe mata da yara zuwa tudu.

Sai ciyawar kachalla da ke toshe hanyar ruwa, da sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa. Waɗannan sun fi ƙarfin gayyar ƙauye ɗaya. Ku haɗa kai da maƙwabta ta hannun dagaci da hakimi, ku kai kuka Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun kafin watan Yuni.