Me ya kashe su bayan an buɗe ƙofar sansani?

Malam, ka tambayi dalilin da Yahudawa da yawa suka mutu bayan an 'yantar da su daga sansanonin da 'yan Nazi suka tsare su a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Birtaniya sun shiga sansanin Bergen-Belsen a Jamus ranar 15 ga Afrilu 1945, suka tarar da mutane kusan 60,000; kimanin 14,000 suka rasu bayan nan. Abin tausayi, abincin soja mai nauyi da aka fara ba su ya cutar da su. Jikin da yunwa ta daɗe tana ci, idan aka cika shi farat ɗaya, sinadarin fosfet na jini yakan faɗi, zuciya ta gaza. Dole aka koma madara da kunu kaɗan-kaɗan. Ga zazzaɓin taifus da ƙwarƙwata ke yaɗawa, shi ya sa aka yi feshin maganin ƙwari na DDT, aka ƙone bukkokin sansanin a watan Mayu. Wasu daga cikin waɗanda suka rayu suka zauna a barikin soja na kusa har 1950, suna aure, suna haihuwa.