Pulse na Pink Floyd: maimaici ne ko akwai sabon abu a ciki?

Tambaya: Malam, ina da The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, kungiyar mawakan rock ta Ingila, ina jinsa sosai. Abokina ya dame ni wai sai na nemi Pulse, na duba na ga ai wakokin ne dai aka sake yi gaban 'yan kallo. To meye amfanin sa?

Amsa: Abokin nan naka yana da gaskiya, nemi Pulse. An dauke shi ne a zagayen wasannin da suka yi a Turai a 1994 bayan sun fitar da albam dinsu The Division Bell, ya fito 1995 faifai biyu. Ba wasan dare daya ba ne, daga wasanni daban-daban aka tsinto aka hada, bidiyon ne aka dauka a Earls Court da ke Landan. A faifai na biyu suka buga Dark Side gaba dayansa, daga bugun zuciyar nan na farko har karshe, kuma wannan ba karamin aiki ba ne, don albam din 1973 a situdiyo aka dauke shi, da karar agogo da ta kwabbai da muryoyin mutane suna magana a kasa-kasa, waka na shiga waka ba tsayawa, su kuma dole su yi duk wannan a tsaye gaban dubban mutane ba damar a ce a sake.

Inda za ka fi jin bambanci shi ne jitar David Gilmour. Wakar Comfortably Numb a albam dinsu The Wall minti 6 da wani abu ne, a nan ta wuce minti 9, kuma kusan duk karin a kidan jitar karshe ya tafi. Mutumin ba ya gaggawa ko kadan, sai ya ja sauti daya ya rike shi kamar mai kuka, ya sake shi, ya dawo ya kara hawa. Ni wallahi ko don wannan wakar kadai albam din ya biya. Dick Parry ma, wanda ya busa saksafon a wakokin Money da Us and Them na asali a Dark Side, shi ne dai a nan. The Great Gig in the Sky kuwa da Clare Torry ta yi ita kadai, mata uku aka raba wa, Sam Brown da Durga McBroom da Claudia Fontaine.

Amma fa akwai rashi. Babu Roger Waters, ya bar kungiyar tun 1985, kuma shi ya rubuta baitocin Dark Side duka. Brain Damage da muryarsa aka san ta, Gilmour ya yi ta da kyau amma dacin nan da ke muryar Waters babu shi, komai ya fito sumul. Wasu masoya har yau abin da ke hana su son Pulse ke nan, kuma ban ga laifinsu ba.

Shawarata, kar ka ji shi gutsi-gutsi a sifikar waya. Sa abin kunne mai kyau, fara da faifai na biyu ka barshi ya tafi har Run Like Hell, sannan ka koma na farko inda Shine On You Crazy Diamond take da Astronomy Domine, wakar 1967 ta zamanin Syd Barrett, jagoran kungiyar na farko. In ka ci karo da bugun farko na CD din ka saya, shi ne mai 'yar jar fitila da ke kiftawa a gefen kwalin.