Filin Saƙa: Kwarashi Mai Kala Biyu, Ba Ciki Ba Bai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani abin sauke tukunya da aka saƙa da kwarashi, gefe ɗaya ja, ɗaya gefen fari, ga kauri, kuma na duba ban ga inda aka haɗa biyun da ɗinki ba. Na iya sarƙa da gajeren ido. Don Allah yaya ake yinsa? *Wata ɗalibar saƙa, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tunda kin iya gajeren ido, wanda masu koyarwa ke ce wa singul, kin riga kin iya rabin aikin. Abin da ya rage shi ne sanin inda ake soka kwarashi.

Ki dubi saman layin da kika saƙa. Kowane ido yana da sili biyu a kansa: wanda ke ta wajenki, silin gaba, da wanda ke can nesa da ke, silin baya. A saƙar yau da kullum ana ɗaukar su tare. A wannan kuwa silin baya kaɗai ake ɗauka, a bar na gaba ya jira. Idan kika juya aikin, wanda kika bari ya koma baya, ya yi ƙasa kaɗan. Layi na gaba sai ya haɗa sili biyu: silin baya na layin da kika gama yanzu, da wancan da aka bari a layin da ya gabace shi. Wannan haɗin ne ke sa kowane sabon layi ya kwanta a bayan aikin maimakon ya tsaya a samansa. Layi na 1, 3, 5 suna gina gefe ɗaya, layi na 2, 4, 6 suna gina ɗaya gefen. Ki ba kowane rukuni kalarsa, sai ki sami abin da kika gani.

Kayan aiki: zaren auduga mai matsakaicin kauri, dunƙule ɗaya mai giram 50 na kowace kala, kwarashi mai milimita 5, almakashi, da allura mai babban hanci don ɓoye bakin zare. Mu ce ja da fari za ki yi.

Da ja ki yi sarƙa 26, kada ki matse ta. Ki tsallake ta farko daga kwarashi, ki yi singul a kowace sarƙa kina ɗaukar silin sama kaɗai. Za ki sami ido 25. A ido na ƙarshe, idan zarge biyu suka rage a kan kwarashi, kada ki ƙarasa da ja. Ki naɗo farin zare ki fitar da shi ta cikin biyun. Ki yi sarƙa ɗaya da fari, ki juya.

Layi na biyu shi ne mai wuya, don haka ki bi shi a hankali. Ki ɗan karkato aikin ta wajenki har ki hangi bayansa. Ki soka kwarashi a silin baya na idon farko, ki gangara da shi ki ɗauki silin sarƙar da ya rage a ƙasa. Ki naɗo fari, ki jawo shi ta cikin silin biyu, zarge biyu ke nan a kan kwarashi, ki sake naɗowa ki fitar. Haka har ƙarshen layi. A nan aikin zai yi kama da igiya mai kauri, ba zai ba ki sha'awa ba. Sai wajen layi na shida ko na takwas siffarsa ke fitowa, kuma a nan ne da yawa ke warwarewa suna zaton sun yi kuskure.

Akwai wata matsala da ya kamata ki sani tun yanzu. Jan zaren kin bar shi a bakin da farin ya fara, alhali a ɗaya bakin za ki buƙace shi. Maganin shi ne ki tafi da shi. Tsakanin silin baya na sama da silin ƙasa akwai ɗan rami da ya bi tsawon layin, kamar kwarin da ke tsakanin kunya biyu a gona. Ki kwantar da jan zaren a cikin kwarin, kwarashi ya riƙa bi ta kansa, sai sabon layin ya rufe shi a tsakiya. Kina isa ƙarshe yana hannunki. Ki ƙarasa idon ƙarshe da shi, sarƙa ɗaya, ki juya, yanzu farin ne zai kwanta a kwari.

Daga layi na uku akwai alamar da ba ta ƙarya: silin ƙasan da za ki ɗauka kalarsa ɗaya da zaren da kike saƙawa da shi, silin saman kuma ɗaya kalar ce. In kina riƙe da ja kika ga kin ɗauko farin sili a ƙasa, ki tsaya, kin ɓata hanya.

Ido 25 kan ba da faɗin da ya kai santimita 18 ko kusa da haka, gwargwadon hannun mai saƙa. Tsawon kuwa a hankali yake tafiya, domin layi biyu ne ke ba da tsayin layi ɗaya na saƙar da kika saba. Ki auna da tef, kada ki dogara da ƙirgen layi. Idan tsawo ya yi daidai da faɗi, sai layin rufewa: ki ɗauki silin sama duka biyun tare da na ƙasa, sili uku ke nan a kowane ido. A kusurwa ki yi sarƙa 12, ki mayar da ita inda ta fito ki ɗaure, marataya ke nan. Bakin zare ki zura shi da allura tsakanin ɓangarorin biyu, ba wanda zai gan shi.

Tambaya: Nawa yana tsukewa ne yayin da nake hawa sama. Na fara da ido 30, yanzu 26 nake ƙirgawa, kuma tsakiyar ta tattare. Ina matsalar take? *Mai karatu, Maraɗi*

Amsa: Matsala biyu ce, Malama, kowace da dalilinta.

Idanun da suka ɓace a baki suka ɓace. Silin ƙasa na ƙarshe yana maƙalewa a gindin sarƙar juyawa, ya yi ƙarami ya shige ciki, sai mai saƙa ta ɗauka layi ya ƙare. Kowane kuskure ido ɗaya ne, shi ya sa ba a lura sai an yi nisa. Ki saƙala guntun zare mai wata kala a idon farko na kowane layi da zarar kin yi shi, in kin dawo kin san nan ne ƙarshe. Ki kuma ƙirga kowane layi har hannunki ya saba. Wanda ya riga ya tsuke ba ya gyaruwa da ƙarin ido a sama, bakin zai fito a karkace. Ki warware zuwa layin ƙarshe da ke da 30.

Tattarewar kuma daga zaren da ke kwance a kwari take. Kin ja shi da ƙarfi, ya zama kamar an zuge aikin. In kuma aka bar shi sako-sako, sai ya riƙa leƙowa ta tsakanin idanu. A ƙarshen kowane layi ki ɗan ja shi har ya miƙe, sannan ki kama bakin aikin biyu ki buɗe shi zuwa cikakken faɗinsa kafin ki canza kala.

Ki duba zarurrukan ma. In ɗaya ya fi ɗaya kauri, gefensa zai fi girma, aikin ya lanƙwashe ta wajen siririn. Gara a saye su iri ɗaya daga kamfani ɗaya. In kuma kwarashi na shiga da ƙyar har yatsa na ciwo, ki ƙara girmansa da rabin milimita ko ɗaya. Wannan saƙar ba ta son matsatsen hannu.

Tambaya: Na saƙa nawa da ulun da nake yi wa yara kayan sanyi. Da na sauke tukunya da shi sai wurin ya ƙandare ya yi baƙi. Ko kaurin ne bai isa ba? *Uwargida, Kaduna*

Amsa: Ba laifin kauri ba ne, Hajiya, zaren ne. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwa akirilik ne, dangin roba, kuma narkewa yake in ya sha zafi. Ya kan manne a tukunya, ya kan manne a fata, don haka ki daina amfani da wannan a madafa. Auduga zalla ake so.

In takardar da ke jikin dunƙulen ta ɓace, ki yanki ɗan guntu, ki riƙe shi da wani abin ƙarfe a kan faranti, ki kusanta masa ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin takardar da ta ƙone, ta bar toka mai laushi. Akirilik yana tsukewa ya narke, ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Ulun tumaki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, wutar kuma takan mutu da kanta.

Kafin ki haɗa ja ko shuɗi mai duhu da fari, ki jiƙa guntunsa a ruwan ɗumi ki matse a farin ƙyalle, ki ga ko yana zuba. Kuma ko da na auduga ne, kada a sauke tukunya da shi a jiƙe, domin ruwa na kai zafi hannu nan take.

Tambaya: Ina so in yi wa maigida hular sanyi da wannan saƙar kafin hunturu, wadda zai iya juyawa ya sa ta kowane gefe. Yaya zan yi da saman? *Mai saƙa, Jos*

Amsa: Hula ta fi sauƙi ta wani ɓangaren, domin a zagaye ake yinta, zarurrukan biyu kullum suna haɗuwa a wuri ɗaya, ba sai kin kwantar da kowanne a kwari ba. Nan akirilik ko ulu ya dace.

Ki auna kansa ta goshi da saman kunne. Kan babba yakan kama daga santimita 54 zuwa 58. Wannan saƙar ba ta miƙewa sosai, saboda haka santimita ɗaya ko biyu kawai za ki rage daga awon. Ki fara saƙa ɗan gwaji mai ido 15, ki ga ido nawa ke cikin santimita 10 a hannunki, da shi za ki lissafa sarƙar. Ki sa adadin ya zama wanda 8 ke rabawa, kamar 72 ko 80. Ki haɗa sarƙar ta zama zobe, ki tabbata ba ta murɗe ba. Bayan kowane zagaye ki haɗa da idon farko, ki ɗauki ɗaya kalar, sarƙa ɗaya, sannan ki juya aikin. Juyawar nan wajibi ce. In kika manta kika ci gaba ta fuska ɗaya, kalolin za su taru a gefe guda.

Idan tsayi ya kai santimita 14 ko 15 sai a fara ragewa, kuma ragi a nan zagaye biyu yake ci. A ce ido 72 gare ki. A zagayen kala ta farko ki saƙa ido 7, sannan ki haɗe biyu: ki jawo zarge daga na takwas, ki jawo daga na tara, ki fitar da zare ta cikin ukun da ke kan kwarashi. Sau 8 za ki yi haka, saura 64. Da kika juya za ki tarar saman yana da 64 amma silin ƙasa har yanzu 72 ne. To a duk inda kika rage, ki ɗauki silin sama ɗaya da silin ƙasa biyu a ido guda. Ƙarshen zagayen komai ya daidaita. Sai ki maimaita da ido 6 kafin haɗewa, sannan 5, haka har saura 16. Ki yanke zare da tsawo, ki zura shi da allura ta cikin idanun, ki zuge, ki ɓoye bakin a tsakiya. Kada ki ɗaura mata tuntu, zai hana juyawa.

Tambaya: Bargon yaro nake son yi, amma na ga zare na ƙarewa aikin bai je ko'ina ba. Haka abin yake? *Kakar yara, Kano*

Amsa: Haka yake, Hajiya. Riɓi biyu kike saƙawa a lokaci guda, zaren da zai ci ya kusa ninka na saƙar singul, kuma bargon zai fito da nauyi da tauri. A ra'ayinmu wannan saƙar ta abin sauke tukunya ce da hula da shimfiɗar ƙasa. Bargo yana da hanyar da ta fi.

Ki nemi dogon kwarashi mai baki biyu, ƙugiya a kowane ƙarshe, tsawonsa wajen santimita 35. In bai samu ba, kafinta zai iya fiƙe miki daga itace mai santsi, a goge shi sosai don kada ya riƙa kama zare. Kaurinsa ya fi wanda aka rubuta a jikin zaren da milimita ɗaya da rabi zuwa biyu.

Da kala ta farko ki yi sarƙa, ki jawo zarge daga kowace sarƙa ki bar su duka a kan kwarashi. Ki juya kwarashin, ki tura zargen zuwa ɗaya bakin. Ki ɗaura kala ta biyu, ki fitar da ita ta zarge ɗaya, daga nan kuma biyu-biyu har saura ɗaya. Kada ki juya. Da wannan kalar dai ki bi sandunan, wato silin zare da ke tsaye a fuskar aikin, ki tsallake na farko, ki jawo zarge daga ƙarƙashin kowanne har kwarashi ya sake cika. Yanzu ki juya, ki tura, za ki tarar kala ta farko na jiranki a bakin. Ki sauke da ita, ki ɗauka da ita, ki juya. Wato kowace kala tana saukewa sannan ta ɗauka, kuma ba a juyawa sai kwarashi na cike.

Kowane gefe kala ɗaya ce za ta rinjaya, ɗayar na leƙowa a tsakanin layuka, kuma saƙar na fitowa da laushi. Tunda kwarashin ba zai ɗauki faɗin bargo duka ba, ki saƙa ƙwarya-ƙwarya masu faɗin santimita 25, guda uku, tsawon kowace 90, ki haɗa su da allura. Ki gama kowace da kalar da kika fara da ita don bakunan su zo iri ɗaya. In jariri ne wanda bai kai shekara ba, a yi amfani da bargon wajen goyo da shimfiɗa, kada a lulluɓe shi da shi a bar shi yana barci shi kaɗai.