Amsa: wace kamara zan saya a matsayina na sabon shiga?

Malam ka ce kana son DSLR, wato babbar kamarar nan da ake sauya wa lens, don hotunan biki da suna kuma kuɗin ba yawa ko? To ni dai shawarata ka nemi Nikon D3500 ko Canon 2000D, duka megafiksel 24 ne, ta hannu ma ta wadatar in mai kyau ce, amma ka sa a duba maka shutter count wato sau nawa aka ɗau hoto da ita, sannan ka haska tocilar waya cikin lens ɗin, wato gilashin gaban kamarar, in ka ga wani zare-zare kamar yanar gizo-gizo to fumfuna ce, ka bar musu kayansu kawai.

Lens kuma ka fara da 18-55mm ɗin da ake haɗowa da ita, mutane na raina shi alhali da rana ba ya da matsala. In ka samu sarari ka ƙara 50mm f/1.8, shi ne ke narkar da abin da ke bayan amarya a hoto kuma yana jure ƙarancin haske, sai dai a ƙaramin ɗaki zai matse ka wallahi, nan 35mm ya fi. In Nikon ka ɗauka ka tabbata lens ɗin AF-S ne, wato mai injin fokas a cikinsa, tsohon 1.8D ba ya fokas da kansa a D3500.

Kuma lokacin hunturu kar ka riƙa sauya lens a waje, ƙura za ta shige maka sensa, wato ɓangaren da ke ɗaukar hoton a cikin kamara.