Ƙofar ɗakin aladu: kada ka yi da siririn bututu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙofar da za ka yi wa walda da siririn bututu za ta iya tsare aladunka. Gaskiya ba za ta iya ba. Nemi ƙarfe mai kauri, ka kafa ginshiƙan cikin kankare, sannan ka haɗa ta yadda ba za ta zare ba idan an ɗaga ta sama.

Alade ba ture ƙofa kawai yake yi ba, hanci yake cusawa ta ƙasa ya ɗaga. Haka wata uwar garke ta cire min ƙofa cikin dare, da safe na tarar sun gama da rogon maƙwabci. Ƙasan ƙofar kuma ka shafe shi da fenti sosai, domin fitsarinsu na saurin kawo tsatsa.